Dawar da Ta Jira Teku

Shekarar da nake ba ku labari, irin dawar da ya rage mini bai wuce ƙwarya ɗaya ba. Mu a tsibirin Sabu mun saba da dogon rani, ruwan giginya muke dafawa mu sha har damina ta zo. Amma wannan ranin ya wuce misali, har yarana suka fara yi wa ƙwaryar wani irin kallo.

Rannan kwatsam aka sheƙa ruwa. Gari ya ruɗe, kowa ya ɗauki sandar shuka ya nufi gona. Ni ma na ɗaura zane zan fita, sai ga yayana Ludji, masunci, ya tare ƙofa, wai kada in shuka. Na ce masa shi da bai san bambancin dawa da ciyawa ba, ina ruwansa da gonata? Ya ce dai in zo in raka shi teku. Don in huta da nacinsa na bi shi.

Muka shiga kwalekwalensa mai inji, muka wuce duwatsun da igiyar ruwa ke fashewa a kai, muka yi ta tafiya har bishiyoyin giginya suka koma kamar tsintsiya. Can ya kashe inji ya nuna mini gaba. Wallahi teku ne ya rabu biyu, wani siririn layin kumfa ya ratsa shi daga gabas har inda ido ya ƙare. Nan gefenmu ruwan kore ne mai duhu, can gefe shuɗi tas, kuma kowanne yana tafiyarsa, ba su gauraya ba. Ɓawon kwakwa da ganyayen da ban taɓa gani a ƙasarmu ba suna ta wucewa, tsuntsaye na binsu. Ya sa na tsoma hannu. Koren ruwan sanyi gare shi ƙarara, har cikin ƙashi. Da muka tsallaka layin na sake tsomawa, sai na ji ɗumi kamar ruwan wankan jariri.

"Ƙanwata, wannan mai sanyin iskar rani ce ke tono shi daga ƙasan teku," in ji shi. "Muddin shi ne kewaye da mu, hadari ba ya zama. Ruwan jiya ɓatan hanya ya yi."

Muka juyo gida. Ni da nake zaton gonata tana ƙarewa a bakin shinge, ashe wani kogi marar gaɓa ne ke riƙe da ita. Tsoro ya kama ni, na rataye ƙwaryata.

Na sha gori kuwa. Maƙwabciyata Ina Rohi kullum sai ta leƙo ta tambaye ni ko kifi ya ba ni izinin shuka. Daga baya ta daina, don rana ta dawo ta ƙone tsiron kowa ƙurmus. Ban yi murna ba, na yi kuka ne, don yanzu irin garin duka yana rataye a ɗakina, ga 'ya'yana da yunwa. Sau biyu ina sauke ƙwaryar in kai bakin turmi, in sake mayar da ita.

Wata safiya Ludji ya shigo da bokitin ruwan teku, bai ko gaishe ni ba, ya juye mini a ƙafa. Ɗumi. A bakin gaɓarmu ya ɗebo shi. Mai sanyin ya janye ke nan, lokacin shuka ya yi.

Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu, ƙasa kuma toka. Na aika aka kira mata, na raba musu dawar tafi-tafi. Ina Rohi ta riƙe nata ta daɗe tana kallon sama.

"To, in ruwan bai zo ba fa?" ta tambaye ni.

Na ce mata ni ma ban sani ba. Muka duƙa muka binne abincinmu na ƙarshe cikin busasshiyar ƙasa. Ina rufe ramin ƙarshe na ji iska ta juyo daga yamma, mai nauyi, mai danshi, ta ɗaga mini ɗankwali. Na zauna daɓas a tsakiyar gona, iskar damina na kaɗa ni.