Wandon Baba Ya Ƙi Shiga

Baba, Allah ya jiƙansa, shekara talatin ya yi yana tuƙa motar ma'aikata, kuma ko bayan ya ajiye aiki ba ya fita sai da wando mai kari. Uku gare shi, duk ruwan toka. Ranar da likita ya yanki ɗan nama a cikinsa, ya ce za a gwada a ga ko ciwon daji ne, a dawo bayan sati uku, Baba ya miƙe ya kama hanyar gida. Yana isowa gida sai ya hau faɗan wa ya taɓa masa rediyo.

Auta, ƙaramar 'yarsa, tela ce, kekenta na ɗakin da ke bakin ƙofa. Daga nan take kallon wando yana zamewa daga ƙugun ubanta, yana jan sa sama kamar mai ƙetare ruwa, kuma duk jan da ya yi sai fuskarsa ta canja. Ciwo ba a hannunta yake ba, sakamako ma haka. Wando kuwa aikinta ne.

Sai ta ce ita za ta riƙa yi masa guga. Duk wandon da ya shigo hannunta sai ta rage rabin inci ta baya, da zare irin launinsa, ta goge ta rataye. Sati ɗaya, Baba ya daina jan wando. Sati na biyu ta ƙara ragewa, ya fara zama ƙofar gida yana shafa ciki, yana ce wa mai shagon maƙwabta, "Jiki ya fara dawowa, kai dai ka yi ta ramewa." Auta ta ɗan yi mamakin saurin matsewar, amma tunda yana dariya ta bar zancen.

Da safiyar ranar karɓar sakamako, ita da Inna sun shirya suna jira, sai suka ji kira daga ɗaki. Baba na tsaye, wando ya tsaya masa a kwatangwalo, maɓalli da ƙofarsa ko gaisawa ba su yi. Sauran biyun na yashe a gado.

"Kun gani? Duk ukun sun ƙi ni! Auta, a ina kika taɓa jin mai ciwon daji ya yi teɓa?"

"Baba, lokaci na tafiya."

"Ya tafi mana. Ba inda za ni. Su riƙe takardarsu su yi fifita da ita."

Ya zauna bakin gado ya kunna rediyo. Likita kuwa ya ce sai shi da kansa, don in an ga wani abu ranar za a fara maganar magani. Inna ta lallashe shi, ta yi faɗa, ta ce taurin kai ne zai kashe shi kafin ciwo. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Auta ta fita ta dawo da reza. Ta ɗauki wando ɗaya ta juya cikinsa, ta shimfiɗa masa a cinya.

"Ni na rage, Baba. Ba ƙiba ka yi ba."

Ta farke ɗinkin, yadi ya yi ta fitowa. Baba ya kashe rediyo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a wani layi da ke gefen nata, manyan tsalle-tsalle da baƙin zare, ya karkace kamar sawun maciji.

"Wannan fa? Wannan ba keke ba ne."

Inna ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Au, har da ke? Shekara arba'in ban taɓa ganin kin maƙala mini maɓalli ba!"

"To da wa zan bari ya yi? Kullum kana jan wando kamar wanda ya aro."

Ya yi dariya har da tari. Can tarin ya lafa. Ya miƙe a hankali ya ɗaga hannuwa.

"Auta, ɗauko tef ki auna ni, ki faɗi abin da kika gani."

Ta zagaya tef a ƙugunsa. A da, talatin da shida take yanka masa.

"Talatin," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, abokiyar aikinki ba ta ji ba."

"Talatin, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To ɗinka shi a talatin, kada ki ƙara kada ki rage. Ba zan tsaya gaban likita ina riƙe da wando ba. Ke kuma," ya nuna Inna, "zauna nan inda nake ganinki har ta gama."