Kwaɗon Dogo

Birekar ta ci jarrabawa. Ita ce babban makashin da ke datse wutar layi idan abu ya ɓaci, kuma yau da Mai-Mita, ma'aikacin gwaji, ya jona mata wayoyin gwaji ya danna, bakunanta uku suka buɗe tare, tau! Ya karanta lambobin, ya rubuta, ya sa hannu. Da can irin wannan sakamako har fito yake sa shi. Yau ko a jikinsa.

Saura a maido wuta. A nan gizo ke saƙa, don a tashar lantarkin nan duk wanda zai taɓa ƙarfe sai ya rataya kwaɗonsa a akwatin makunni, kuma babu mai cire na wani, ko da manaja ne. Kwaɗon yana nufin: ina ciki, kada ku kunna.

Kowa ya cire nasa. Saura ɗaya, ja, an rubuta masa suna da fenti a karkace. Na Dogo ne, mijin ƙanwar Mai-Mita, wanda suka yi shekara tara suna gwaji tare. Ran Litinin ya rataya shi, ya ce bari ya ɗauko waya a sito ya dawo. Babbar mota ta haɗu da shi a hanya, nan take ya cika.

Injiniya, matashiya ce da ba ta wasa da takarda, ta matso tana sassauta murya.

"Baba, unguwa huɗu na kan layi ɗaya tun Litinin. Makullin yana wurinka?"

Yana wurinsa. Da safe ƙanwarsa ta damƙa masa a tsakar gida, ta ce, "Yaya, a aljihun wandonsa na gani." Ita ba ta yi kuka ba, shi ma haka.

"Amma ka san doka," in ji Injiniya. "In mai kwaɗo ba ya nan, sai an zaga fili an kira shi sau uku."

Wanda ya rubuta dokar nan dai da masu mantuwa yake, ba da wannan ba. Duk da haka Mai-Mita ya tafi, tsakuwa na ƙara ƙarƙashin takalminsa. Ya leƙa bayan taransifoma, inda Dogo kan laɓe ya ci abinci kafin lokaci.

"Dogo."

Ya leƙa ramin wayoyi. "Dogo."

A gindin birekar ya kira na uku da ƙarfi, kamar yadda yake yi idan Dogo ya makara. Sai ya tsinci kansa a tsaye yana jira. Ya jima yana jira.

Makullin ya juya ba gardama. Ya riƙe kwaɗon a tafin hannu, da ɗumin rana a jikinsa.

Injiniya ta ɗaga biro, ta karanto layin ƙarshe na takardar ba tare da ta dube shi ba.

"Kowa ya fita?"

Ya dubi kwaɗon da ke hannunsa. Sai yanzu rashin Dogo ya taso masa.

"Kowa ya fita," ya ce.