Fankar da Magaji Bai Ɗaura Ba

Taiba ta fita takaba ana tsakiyar bazara, lokacin da zafin Talata Mafara ke sa bangon ɗaki ya kwana da ɗumi har asuba. 'Yan uwan da suka zo taya ta zama sun daɗe da watsewa. Mardiya, wadda ita kaɗai Allah ya bar mata cikin 'ya'yan da ta haifa, ta koma ɗakin mijinta a Maradun, kuma a 'yan shekarun nan hanyar ba ta biyuwa duk lokacin da mutum ya ga dama. Gidan ya rage daga Taiba sai tunkiya ɗaya da 'yan kaji.

Mijinta Magaji mai gyaran wuta ne. Da wuya ka shiga unguwa a garin ba ka sami gidan da ya ja wa waya ba. Ya tafi Birnin Tudu aikin wani masallaci, ya dawo da zazzaɓi, kafin mako ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Ana gobe zai yi wannan tafiya ne ya shigo da kwalin sabuwar fanka a bayan babur. Ya hau ya kafa ƙugiya a jikin katakon rufi, ya jawo waya daga makunni, ya naɗe bakinta da salatif. Magariba ta yi masa, sai ya ce in ya dawo zai ƙarasa. Kwalin yana ƙarƙashin gado tun ranar. Wayar kuma tana nan ta leƙo daga silin, duk sanda Taiba ta kwanta ita take fara gani.

Da zafi ya ishe ta, ta kira Kamilu, abokin aikin marigayin wanda suka yi shekaru suna yawo tare. Suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, ya tambayi Mardiya da mutanen Maradun, sannan ta faɗa masa abin da ke tafe da ita.

"Ayya, Inna, ai wagga ba komi ba ce," in ji shi. "Muna Bakura ne, aikin wasu shaguna munka samu. Jibi in sha Allahu ina nan tahe."

Jibi ta zo ta wuce. Ta sake kira, ya ce ranar kasuwa. Ranar Talata garin ya cika ya batse, tana jin kukan shanu da hon ɗin motoci daga tsakar gida, ta share ɗaki ta dama fura ta ajiye masa, har la'asar ta yi sanyi ba ta ji sallama ba. Ba ta yi fushi da shi ba. Ta san mutum ne mai iyali, aikin da mutum biyu ke yi a da yanzu shi kaɗai ke yi. Amma ba ta ƙara kiransa ba. Ta sha furar ita kaɗai, ta zuba wa kaji sauran.

Washegari da hantsi ta jawo kwalin. Da farko cewa ta yi za ta kaɗe ƙura kawai. Da ta buɗe ta ga kan fankar a naɗe cikin leda, ga fukafukai a jere, ga sandar ƙarfe da 'yar jakar notuna, sai ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallo. Babu abin da ba ta sani ba a ciki. Tun da idon Magaji ya fara rauni, a tsakar gidan nan yake haɗa fankokin mutane kafin ya kai, ita ke zura masa waya cikin sanda, ita ke ɗaura ƙananan notunan da ba ya gani sosai. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne hawa sama.

Ta ɗauko jakar kayan aikinsa daga inda take rataye. Hannun filayar ya suɗe daidai inda babban yatsansa ke zama. Ta riƙe ta ɗan jim, sannan ta miƙe.

Zaure ta fara zuwa, inda mita take. Tun jiya babu wuta a unguwar, amma Magaji bai taɓa yarda ya taɓa waya don an ɗauke wuta ba. Yakan ce ana iya kawo ta hannunka na kai, babu wanda zai sanar da kai. Ta zare fiyus, ta ƙulle shi a bakin zanenta don kada wani ya shigo ya mayar. Ta dawo ɗaki ta ture gado gefe, ta jawo teburin da yake aiki a kai zuwa tsakiya.

Ƙugiyar ce ta fi damun ta. Watanni ke nan da kafa ta, kuma gara ba ta raina katako a gidan nan. Ta hau teburin a hankali, ta leƙa ta ramin silin da tocilar waya, ta ƙwanƙwasa katakon da gindin sukudireba. Ya amsa da ƙarfi, babu garin da ya zubo. Duk da haka ba ta yarda ba. Ta ɗaura igiya a ƙugiyar, ta rataya bokiti, ta riƙa zuba ruwa da moɗa har ya cika, ta bar shi yana lilo ta je ta ɗora sanwa. Da ta dawo yana nan yadda ta bar shi.

A ƙasa ta haɗa sauran, bisa tabarma. Ta zura wayoyi cikin sanda, ta sa murfin sama da na ƙasa tun kafin ta manta, ta haɗa sandar da kan fanka, ta ɗaure noti, ta sa ɗan siririn ƙarfen nan da ke hana noti kwancewa ta buɗe ƙafafunsa da filaya. Fukafukan ta bar su a gefe, don sai an rataya ake ɗaura su, in ba haka ba su lanƙwashe. Hannunta na aiki, bakinta na motsi. Can ta lura magana take yi a fili, tana cewa "ga shi" da "saura wanne", kamar akwai mai amsawa. Ta ci gaba da aikinta.

Da ta rungumi kan fankar ta hau tebur, sai ta gane abin da ba ta lissafa ba. Ƙarfen ya fi yadda take zato nauyi in an ɗaga shi sama da kai. Hannu ɗaya ya riƙe, ɗaya ya nemi ƙugiya, ga gumi na shiga mata ido. Ta yi ɗage kaɗan, sai ƙafar teburin ta gurɗe a wani rami na daɓe. Ta tafi luu, Allah ya sa kafaɗarta ta dafa bango. Ta durƙusa bisa teburin da fankar a ƙirji.

Ta sauko ta zauna a bakin gado. Ba faɗuwar ce ta tsorata ta ba. Tunanin da ya zo mata shi ne, da ta faɗi ta karye, ko ta bugu da kai, sai yaushe wani zai sani? Mardiya kan kira ne ranar Juma'a. Mai tallan nono kan yi sallama daga zaure, in ba a amsa ba ta wuce. Tunkiya ce za ta yi ta kuka har maƙwabta su gaji su leƙo. Tun rasuwar Magaji ta yi kuka iri-iri a gaban mutane, amma wanda ta yi a wannan hantsin daban ne, babu sauti, kuma ta daɗe tana yi.

Bayan azahar ta wanke fuska, ta yafa mayafi, ta shiga gidan da ke jikin nasu. Adda ce a ciki, tsohuwar da ta girme ta nesa ba kusa ba, kunnenta ya yi nauyi, 'ya'yanta suna Gusau da Sakkwato. Tana zaune gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa.

"Adda, ina wuni? Ya zahi?"

"Lahiya lau, Taiba. Ashe kina hita? Na ce ko kin bi ɗiyarki Maradun."

"Ina nan. Taimako nika so. Tebur za ki riƙe mini."

"Mi za ni riƙe?"

"Tebur!"

Adda ba ta tambayi dalili ba sai da ta shiga ɗakin ta ga kaya a baje. Ta dubi silin, ta dubi Taiba, ta kama haɓa.

"Ke da kanki? Ina mazan garin?"

"Suna wurin nema, Adda."

Tsohuwar ta yi ɗan tsaki, ba na faɗa ba. Ta ɗaure zanenta, ta sa aka cusa guntun katako ƙarƙashin ƙafar teburin har ya daina motsi, ta kuma hana Taiba hawa da silifas ɗin da ya jiƙe da gumi, ta ce ta sa busasshen takalmin roba. Sannan ta ba da shawarar da Taiba ba ta yi tunani ba: a ɗaura wa kan fankar igiya a zarga ta ƙugiya, ita ta ja daga ƙasa kamar guga, Taiba ta daidaita kawai. Haka suka yi. Adda ta naɗe igiyar a hannu, ta tokare teburin da cinya, tana ta salati. Taiba ta sa 'yar robar da ake rataya fanka da ita cikin ƙugiya, ta zura dogon noti, ta ɗaure tam, ta sa masa nasa ɗan ƙarfen ta buɗe ƙafafunsa.

"Saki, Adda."

"Mi?"

"Saki igiyar!"

Ta saki. Fankar ta tsaya da kanta.

Kafin Taiba ta taɓa wayoyin silin, sai da ta ɗora musu tasta mai gwada wuta ɗaya bayan ɗaya, duk da fiyus na ƙulle a zanenta. Bai kama ba. Ta fere bakinsu, ta haɗa kowace da 'yar uwarta yadda ta saba gani, ta murɗe, ta naɗe da salatif har babu jan ƙarfen da ke leƙowa, ta tura murfi ya rufe. Adda ta riƙa miƙo mata fukafukai. Ta ɗaura su duka sako-sako tukuna, sannan ta bi su ɗaya-ɗaya tana ƙara ɗaurewa daidai wa daida. Ta tura da yatsa. Suka juya shiru, ba su taɓa komai ba.

Ta mayar da fiyus, ta danna makunni. Babu wuta.

Adda ta zauna suka sha ruwan randa, ta ba ta labarin ciwon gwiwarta da na jikanta da ya ƙi karatu, har aka kira la'asar ta tafi. Wuta ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Taiba ta ci gaba da kwana a tsakar gida bisa tabarma, da safe ta shiga ɗaki ta ɗaga kai ta dubi abin da ta rataya.

Ranar da aka kawo, tana wanke-wanke ne da rana tsaka, sai ta ji yaran unguwa sun ɗauki ihu. Ta shiga ɗaki da kumfa a hannu. Fankar na juyawa, labulen ƙofa na kaɗawa, kalandar bango na ɗagawa tana komawa. Ta goge hannu, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙara gudun mataki-mataki tana kallon sandar, ko za ta yi rawa. Ba ta yi ba. Sai a sannan ta shiga ta zauna a ƙasa daidai ƙarƙashinta, ta cire ɗankwali.

Ta kira Mardiya don ta faɗa mata. Wayar ta shiga, ta ji muryar ɗiyarta tana cewa "Inna? Inna, ba ni jin ki," sai layin ya yanke. Ta sake gwadawa bai shiga ba. Ta leƙa ta katanga ta kira Adda, aka ce ta tafi asibiti karɓar magani. Ta dawo ta zauna, iska na busar mata da wuya, har aka sake ɗauke wutar, fukafukan suka yi ta rage gudu suka tsaya.

Adda ba ta iya riƙe labari. Ba a yi mako ba, wata amarya mai suna Bushra daga bayan kasuwar kara ta aiko a tambaya ko Inna Taiba za ta zo ta duba mata tata fankar, tana ƙara kamar za ta faɗo, mijinta kuma ya bi motar shanu zuwa kudu, ya hana maza shiga gidan. Taiba ta ce ita ba mai gyara ba ce. Aka sake aikowa. Ta ɗauki jakar ta tafi. Noti biyu ne suka kwance a fiffike ɗaya. Ta sa aka zare fiyus, matan gidan suka riƙe mata tebur su uku suna dariya, ta ɗaure.

Suka hana ta tafiya sai ta ci abinci. Ta ci tuwo da miyar kuka cikin hayaniyar yara da gardamar mata, aka ce akwai wata a gidan gaba ita ma tata ta daina gudu. Taiba ta ce sai wani satin.

Ta iso gida rana ta yi ja. Tunkiya ta tarbe ta da kuka, ta zuba mata dusa, ta kora kaji akurki. Ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma a tsakar gida, ta zauna tana jiran kiran magariba.