Zaren Asali

Raket goma sha bakwai Injiniya ya rataye a bangon falonsa, duk na katako, duk tsohuwar ƙirar Japan, amma babu mahalukin da ya taɓa ganin ya buga ƙwallon tanis ko da wasa. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai ya sa safar hannu ya goge su da auduga, ya tsare baƙo da tarihin kowanne har shayi ya huce. Matarsa ko kallon bangon ta daina yi. A ganinta mutum ne ya tara cokula ya hana kowa cin abinci.

Mai buga tanis a gidan ita ce Auta. Ranar da za a zaɓi 'yan mata biyu da za su wakilci jami'arsu, tana gwaji da sassafe raket ɗinta ya tsage a wuya.

"Baba, don Allah ara mini ɗaya, na yau kaɗai."

"Waɗannan ba na wasa ba ne," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Ran uwar ya ɓaci ƙwarai. Yana shiga wanka ta hau kujera, ta zaɓi mafi muni a cikinsu, wani koɗaɗɗe mai zare rawaya, don a lissafinta shi ne ba za a yi kewarsa ba. Ta ja hannun Auta suka tafi fili.

Mai gyaran raket na bakin filin ya danna zaren da yatsa ya yi tsaki.

"Wannan ai bugu ɗaya zai tsinke. Ya girmi yarinyar nan."

"Yanke shi," in ji uwar.

Ya sa almakashi, ya ɗaura sabo. Raket ɗin nauyi gare shi kamar taɓarya, abokan wasa har dariya suka yi, amma Auta ta dage, da kyar da gumi ta samu gurbi na biyu.

Ana gamawa sai ga Injiniya da silifas, yana haki. Auta ta rugo da takardar zaɓen a hannu.

"Baba, an ɗauke ni!"

Ya fizge raket ɗin, ya shafa sabon zaren.

"Kun san guda nawa suka rage a duniya da zarensu na asali? Ina na da?"

Mai gyara ya nuna kwandon shara. Uwar tana tsaye tana kallo, kunya da takaici suka rufe ta, mijinta da furfurarsa ya durƙusa yana tsintar guntayen zare yana jera su a hankici. Auta ta jira ya juyo. Da ta ga ba shi da niyya, ta ninke takardar ta sa a aljihu.

"Mama, mu tafi gida," ta ce.