Takalman Aro

Ranar da kamfaninmu ya sallame mu, mu goma sha bakwai, ban zubar da hawaye ko ɗaya ba. Na kwashi takarduna da kofin shayina, na koma shagon Baba na ɗinkin takalma. Can ma kasuwa ta mutu. Kantoci sun yi wayam, har Baba ya fara zancen sallamar Dogo, wanda ya shekara ashirin yana yi masa aiki, ga 'ya'ya biyar.

Ni na cike takardar tallafin da gwamnati ta ware wa masu sana'ar da suka durƙushe. Aka ce jami'i zai zo ran Laraba ya gane wa idonsa.

Laraba da safe na shiga shago, na tsaya cak. Takalma har rufi.

"Baba, daga ina?"

"Aro na yi wurin 'yan kasuwa," in ji shi, yana gyara zaman hula. "So kike baƙon gwamnati ya same ni kamar wanda ɓarayi suka yashe?"

"Tallafin na waɗanda suka durƙushe ne fa!"

"Ni na ce miki na durƙushe? 'Yar boko, ja bakinki."

Jami'in ya zo, ya zagaya yana jinjina kai. "Baba, ai ku ya kamata ku tallafa mana." Baba ya washe baki. Dogo ya sunkuyar da kai.

In tallafin ya kuɓuce, shagon ma rufewa zai yi, kuma ban yi karatu don a kore ni sau biyu a shekara ɗaya ba. Na ce, "Yallaɓai, zaɓi wanda ya yi maka, ka gwada."

Ya sa ƙafar hagu, ta zauna daram. Ya nemi ta dama. Ya duba kanta ta farko, ya duba ta biyu. Duk hagu ne. Masu ba da aron sun san halin Baba, sun riƙe na dama kada ya sayar.

"Sabon yayi ne," in ji Baba.

Jami'in ya yi dariya har da tari, sannan ya zauna na nuna masa ainihin abin da ya rage mana: fata rabi da gwangwanin gam.

Tallafin ya fito bayan wata biyu. Baba ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. Dogo kuwa, da fatar farko da aka sayo ya ɗinka mini takalmi.

"Duba da kyau, 'Yar boko," ya ce. "Har da na dama."