'Yan'uwan Kabula

Kabula ta nesanta takardar jawabin da fuskarta, don ta manto tabarau a gida, ta fara karantawa da ƙyar.

"Mai girma babban baƙo. Mai girma manaja. Injiniya wane, Dakta wance, manyan mata da manyan maza..." Ta ɗago kai. "Devota, kafin in kai ƙarshen wannan ai shinkafar ta huce."

Devota ita ce jami'ar kula da ma'aikata a kamfanin gurzar audugar, ita ta shirya bikin ritayar tun daga rumfa har kujeru. Ta ce, "Mama, haka tsarin yake yanzu. Ki tsallake mutum ɗaya, gobe ni zan sha tambaya."

"Wannan kuma fa? 'Direba mace.' Shekara talatin da takwas ina kwaso auduga daga ƙauyukan Shinyanga, motar ba ta taɓa tambayata ko ni mace ce ba."

"Girmamawa ce, Mama."

Idon Kabula ya riga ya sauka can bayan rumfa. Dattijon nan Mzee Luhende ne zaune a kan wata tsohuwar taya, cikin rana, sanye da kwat ɗin nan da ta san shi da ita tun tana budurwa. Shi ya koya mata tuƙi lokacin da sauran direbobi ke mata dariya. Ya yi shekara goma da barin aiki, yau ya tako keke tun daga ƙauyensu, ba katin gayyata a hannunsa.

"A sa masa kujera a ciki," in ji Kabula.

"Mama, an ƙirga farantai. Manyan baƙi, ma'aikata masu kati, sai teburin danginki. Ba ni da iko."

Ran Kabula ya sosu ƙwarai. Lokacin da ta fara aiki, kalma ɗaya ce ta kowa: ndugu da Swahili, wato ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ba ruwanta da namiji ko mace. Manaja ndugu ne, mai shara ma haka. A takardar albashinta ta farko Ndugu Kabula, direba, aka rubuta, shi ke nan. Ba wai babu manya a zamanin ba, akwai su har da tumbinsu, kuma sabulun wanka ma sai an yi layi. Amma in aka tara mutane a filin nan aka kira kalmar, sai kowa ya amsa da murya ɗaya har tattabarun kan rufi su watse. Kabula tana kewar wannan amsawar fiye da yadda take kewar ƙuruciyarta.

Da aka kira ta, ta karɓi makirfo, ta ninke takardar Devota ta cusa a jaka.

"Ndugu zangu," ta ce. "'Yan'uwana, ku miƙe in gan ku."

Kowa take nufi, tun daga babban baƙo har mai gadi. Amma sai ƙanwarta Limi ta miƙe, da 'ya'yan Limi biyu, da matar ɗan Kabula riƙe da jariri. Mutum ɗari biyu suka waiga suka tafa wa dangin mai ritaya cikin ladabi. Babban baƙo ma ya tafa, yana duba wayarsa.

Kabula ta tsaya da makirfo a hannu. Ashe kalmar ta koma cikin gida tuntuni, dangi kawai take nufi yanzu, ita kaɗai ce ba a gaya wa ba.

Sai ga murya daga bayan rumfa, tsohuwa, tana rawa: "Eee!"

Luhende ne tsaye, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Matasan direbobi suka fashe da dariya, wani ya ce, "Kaka ya farka!"

Devota ta ruɗe. Ta dubi jerin sunayenta, ta dubi tsohon. "Mama, shi ma dangi ne?"

"Yayana ne," Kabula ta faɗa cikin makirfo. "Ke ba ki ga kama ba?"

Luhende dogo ne siriri, Kabula kuwa ko a cikin mota sai ta ɗora matashi take hango hanya. Amma wa zai ƙaryata mai biki a gaban babban baƙo? Devota ta nufi tsohon da sauri, ta rusuna ta gaishe shi, tana ba da haƙuri, ta riƙo hannunsa har teburin dangi.

Da aka kawo abinci, Kabula da kanta ta zuba masa, ta tsamo masa tsoka mai laushi saboda haƙoransa. Yana ci a hankali. Limi ta matso kusa da kunnenta.

"Yaya, yaushe Baba ya haifi wannan kuma?"

Kabula ta tura wa tsohon kwalbar lemo.

"Kina ƙarama a lokacin," ta ce. "Ba za ki tuna ba."