Kawu, Birkin Baya

Katifa nake ɗauka a motata mai buɗaɗɗen baya, ita kuwa katifa girman banza gare ta: ka loda har ta taɓa wayar lantarki, amma babu nauyi. To wannan ce ta ja mini. In na taka birki, tayoyin gaba su kama, na baya kuwa ko a jikinsu, sai motar ta riƙa neman juyowa ta kalle ni.

Na kai ta wajen Mai Sifana, bakaniken da nake hulɗa da shi. Ya canza robobin birki, ya fitar da iska daga bututun mai, ya sa na yi ta taka birki har cinyata ta yi tsami. A banza. Daga ƙarshe ya kwanta ƙarƙashin bodi, ya nuna mini wani ƙarfe mai ɗan hannu.

"Ka ga wannan bawul ɗin? Shi ke raba man birki. In ya ji nauyi a baya, sai ya tura wa tayoyin baya rabonsu. Naka ya cije, sai an danne shi daidai kansa yake sakin mai. Sabo kuma babu a kasuwa, sai an yi oda."

Na ce, "To kafin ya zo da me zan tsaya, da addu'a?"

Ya ce, "Ka haɗa da ita."

Ran nan na rage wa Kawu hanya zuwa asibiti. Yayan mahaifiyata ne, ƙato, tubarkalla, tun da ya bar aiki yake zaune a ƙofar gida, ko ƙarfe nawa ba a tambayarsa. Gaba ta yi masa kaɗan, sai ya hau baya ya zauna tsakanin katifu. Na zo gangara na taka birki, wallahi motar ta tsaya cak kamar sabuwa! Ashe daidai kan bawul ɗin ya dire.

Kada wani ya ce me ya hana ni sa buhun yashi. Na sa. Nauyin da ya zauna wuri ɗaya bawul ɗin sabawa da shi yake, ya sake cijewa. So yake a faɗo masa a daidai lokacin. Yashi kuma ba ya jin kira.

Haka muka tsara. In zan tsaya sai na leƙo ta taga na ce, "Kawu!" Shi kuma ya ɗaga ya zauna daɓas a gefen hagu, mota ta tsaya. Ko sati ba a yi ba ya ƙware. Ya san zaman danja, ya san zaman rami, yana da wani rabin zama na musamman don kwana.

Daga nan fa kai ya fara girma. Tun da sassafe yana bakin mota yana duba agogo, wai na makara. Burodi biyu yake ci da shayi, in matata ta yi magana ya ce, "'Yar nan, kayan aiki nake gyarawa." Direbobi a siton da muke lodin katifa suka koma gaishe shi da "Kawu, ya aiki?" Shi kuma ya amsa da ƙarfi, "Aiki da godiya!" har da gyara hula. Ya ma fara yi mini faɗa, wai ina kiransa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ina ɓata masa zama. Haushi kamar ya kashe ni, amma rabon da in ji dariyarsa tun kafin rasuwar matarsa, sai yanzu.

Sai bawul ya iso. Mai Sifana ya ɗaura, muka gwada, birki ya kama gaba da baya lafiya lau. Ya ce, "Sai ka sallami tsohon."

Na ce, "Kai ka je ka sallame shi, tunda bakinka ba ya ciwo."

Ban faɗa wa Kawu ba. Na ci gaba da leƙowa ina kiran "Kawu!" yana zama, ina taka birkin da ba ya bukatar kowa. Har yabona yake wai kwanan nan hannunmu ya zo ɗaya.

Ranar da abin ya ɓaci, muna cikin layin kasuwa da lodi. Wata mata ta fito daga bayan wata mota da tiren ƙwai a ka, ba ta ko waiga ba. Ƙafata ta riga bakina. Mota ta tsaya nan take, tayoyi huɗu suka kama tare, matar ta wuce abinta, ko ƙwai ɗaya bai motsa ba.

Na sauke ajiyar zuciya, sannan na tuna ban kira kowa ba.

Na duba madubi. Kawu na tsaye a gefen dama, ya riƙe ƙarfen bodi da hannu ɗaya, ɗayan hannun da rabin burodi. Ya dubi tayar baya, ya dubi wurin zamansa, ya daɗe yana dubansa. Na fito, na zagayo ina neman ƙaryar da zan yi.

A hankali ya ce, "Ɗan nan, ai ban zauna ba tukuna."